Gudumar Tashar Kafanchan: Nasiha ga Mai Ajiya a Cikin Na'ura

Ya kai ɗana, da ke 'yata, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne wani al'amari da na daɗe ina ganin yana maimaituwa a tsakaninku, tun daga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya har zuwa samarin da kan taru a bakin tasha da la'asar, wato mutum ya shafe shekara uku ko huɗu yana tara rubutunsa da hotunansa da muryoyin da ya naɗa a cikin waya ko kwamfuta, yana alfahari da su, alhali bai taɓa keɓe ko da sa'a guda a wata domin duba lafiyar gidan da ya zuba su a ciki ba, sai ranar da na'urar ta ƙi tashi, sannan a gan shi yana zagaya rumfunan masu gyara ido ya yi ja, yana roƙon a ceto masa abin da tun farko shi ya fi kowa ikon tsarewa. Ban zo da faɗa ba. Ni ma na ɗanɗani wannan ɗaci da girmana, kuma zan ba ku labarinsa a gaba, amma ku yi mini haƙuri in fara daga inda na fara koyon ma'anar kula da kaya, tun babu wanda ya taɓa jin sunan kwamfuta a ƙasar nan.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa da rahama, ma'aikacin reluwe ne, kuma a barikin ma'aikata na Kafanchan na buɗe ido. Mutanen Fantswam suna zaune a wannan ƙasa tun kafin Bature ya san hanyarta, amma dogo ne ya mai da wurin alƙarya, domin a 1927 layin da ya taso daga Fatakwal, ya ratso Inugu da Makurɗi da Lafiya, ya haɗu a nan da na Kaduna, aka kuma cire reshe ya hau tsauni zuwa Jos, wanda daga baya aka ja shi daga Kuru har ya isa Maiduguri a 1964. Saboda haka garin ya cika da kowane irin baƙo, Ibo da Yarbawa da Hausawa da Tibi, ban da Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro da Kaninkon na kewaye, har fadar Sarkin Jama'a ma ta taso ta dawo kusa da dogo. Mu yara a lokacin babu wanda muke sha'awa kamar direba, mai busa usur jama'a ta watse, mai hula da jan ƙyalle a wuya, amma duk sa'ad da mahaifina ya ji muna wannan buri, sai ya nuna mana wani dattijo mai tafiya a hankali a gefen tarago, riƙe da doguwar guduma, ya ce, "Ga mai jirgi nan, direba ɗan rakiya ne."

Aikin wannan dattijo, da zarar jirgi ya tsaya, shi ne ya bi tarago ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa ƙafafun ƙarfe yana karkata kunne, domin ƙafa mai lafiya takan amsa da ƙara tas kamar ƙararrawa, wadda ta soma tsagewa kuwa, ko da ido bai ga tsagar ba, sai ta yi wani sauti a dakushe kamar an bugi fasasshiyar ƙwarya. Yana kuma ɗora bayan hannunsa a kan akwatin da ke riƙe da gindin ƙafar ya ji ko ya ɗau zafi, alamar mai ya ƙare. Haka kuma leburorin dogo, kowace safiya, kowa da yankin da aka yanka masa, sukan taka layi da ƙafa da sifana a kafaɗa suna ɗaure notin da ya saki, bayan ruwan sama kuma su leƙa kwalbati su ga ko ƙasa ta zaizaye. A mafi yawan ranaku ba su samun kome, kuma babu mai yaba musu a kan haɗarin da bai auku ba. Ku je yau ku dubi taragun da suka yi tsatsa a gefen tasha, ciyawa ta fito ta tsakanin ƙafafunsu, ku sani cewa babu wata rana guda da za a nuna a ce ran nan reluwe ta lalace; an dai daina ƙwanƙwasawa ne, an daina takawa, sai bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga.

To, wayar da ke aljihunka, ya ɗana, tana bukatar mai guduma, kuma babu wanda gwamnati za ta ɗauka ta biya shi domin wannan aiki, kai ne. Abu na farko da za ka ƙwanƙwasa shi ne wannan tambaya: idan wannan na'ura ta faɗa rafin Matsirga yanzu, me zan rasa wanda ba ni da shi a wani wuri? Duk abin da amsarka ta ƙunsa, to, a haƙiƙa ba ka mallake shi ba tukuna, riƙon ƙwarya kake yi masa. Masana wannan fanni sun daɗe da yin ittifaƙi a kan ƙa'ida mai sauƙi, cewa abu mai daraja ya kasance yana da kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2 dabam-dabam, ɗaya daga ciki kuma ya kasance a wani gida ban da naka, domin gobara da ɓarawo da tarzoma, Allah Ya kiyashe mu, ba su bambance waya da filashin da ke kwance kusa da ita a kan tebur guda. Mu mutanen kudancin Kaduna ba sai an yi mana dogon sharhi a kan wannan ba, mun ga gidajen da aka bari da abin da ke jiki kawai. Manoman citta na Kachia da Jaba da Kagarko ma sun ga irinsa a 2023, sa'ad da cuta ta faɗa wa gonaki ta ruɓar da amfanin, har irin da za a shuka baɗi ya yi wuya, domin gonar da ake ci daga gare ta ita ce kuma rumbun iri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai kwafin da ba a jarraba ba, zato ne. Malamanmu na zaure, idan almajiri ya gama juyar littafi da hannu, ba su yarda a sa shi a gafaka sai an yi muƙabala, ɗaya yana karanta asali ɗaya yana bin kwafi da yatsa, inda aka tsallake kalma a mayar da ita a gefen takarda. Kai ma idan ka kwafe kayanka zuwa filash ko katin memori, ka zare shi, ka sa shi a wata na'urar, ka buɗe abubuwa da dama daga farko da tsakiya da ƙarshe ka ga suna buɗuwa. Dalili kuwa shi ne kasuwa cike take da katin jabu, wanda aka rubuta masa gigabait 64 alhali cikinsa bai wuce 8 ba, an dai koya masa yin ƙarya ne ga na'ura; zai karɓi duk abin da ka ba shi ba musu, ya nuna maka sunayensu reras, amma da ya cika sai ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho ko ya zubar, ranar da ka nema ka tarar da suna babu jiki. Kallon kitse ka yi wa rogo. Ko katin gaskiya ma, da yake wata 'yar wutar lantarki ce da aka tsare a cikinsa take riƙe da rubutun, idan aka jefa shi a akwati shekara da shekaru ba a taɓa shi ba yana iya soma mantuwa. Faifan kwamfuta mai juyawa kuma faɗuwa ɗaya daga kan benci takan isa ta kashe shi.

Ga nawa labarin. Bayan na ajiye aikin koyarwa, na shafe kusan rani uku ina bin tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka rage a gari da ƙauyuka, ina naɗar hirarsu a kaset, har da wata tsohuwa da ta sayar da abinci a tasha tun zamanin jirgin kwal, wadda ta ba ni labari rabi da Hausa rabi da harshen Tyap, ta kuma lissafa mini sunayen tashoshin da ke tsakanin nan da Kaduna cikin irin muryar da masu talla ke kiransu. Daga baya wani yaro ya taimake ni muka juye kaset ɗin duka cikin kwamfuta, ni kuwa, da na ga abin ya yi tsaf, sai na raina kaset ɗin na bar su a ɗakin ajiya, inda raɓa da gara suka yi musu abin da suka saba. Wata damina da dare aka yi tsawa, aka kawo wuta da ƙarfi kwamfutar tana jone, da safe ta ƙi tashi. Na kai ta wurin wani mai gyara, na ce masa kawai, "Ka tayar mini da ita," ban gaya masa abin da ke ciki ba, shi kuma bai tambaya ba. Bayan kwana biyu ya miƙo mini ita yana murmushi, tana aiki kamar sabuwa, domin ya wanke ta tas ya ɗora mata sabon tsari. Ban iya yi masa faɗa ba, abin da na roƙa shi ya yi mini. A lokacin tsohuwar nan ta riga mu gidan gaskiya, haka ma mafi yawan dattawan, kuma har gobe idan na wuce ta tasha nakan yi ƙoƙarin tuno yadda ta ja sunan tashar ƙarshe, ba ya zuwa.

Da na san abin da na sani yanzu, da wataƙila an ceto wani abu, domin goge abu daga katin memori ko filash ko tsohon faifan kwamfuta yana kama da a soke sunan ɗan haya daga littafin mai gida alhali shi yana nan cikin ɗakin, ba ya fita sai an kawo sabon ɗan haya an zuba a kansa. Saboda haka idan ka goge abu bisa kuskure, ka tsaya cik, kada ka ɗauki sabon hoto, kada ka sauke kome, ka zare katin ka kai wa wanda ya san aikin dawo da shi. Ni kuwa na ci gaba da aiki da kwamfutar har wata biyu kafin wani ya faɗa mini wannan. Wayoyin zamani sun fi tsanani, da yake suna kulle abin da ke cikinsu da mabuɗin sirri, idan aka yi musu filashin, wato aka wanke su tas aka ɗora sabon tsari, to, sai dai haƙuri.

Na san abin da za ka ce, ya ɗana, domin an sha faɗa mini: ai kayana suna rumbun kamfani a intanet, ko wayar ta ɓata suna nan. Madalla, wannan ma kwafi ne, kuma ina ba ka shawara ka riƙe shi. Amma ka san sharuɗɗan gidan da kake haya. Da farko, yawancin waɗannan rumbuna madubi ne, abin da ka goge a waya yakan gogu a can, in ba ka farga cikin 'yan makonni ba ya tafi ke nan. Na biyu, mai gida yana iya sauya doka ko ya yi ɓarna ba da nufi ba: a 2019 kamfanin MySpace na Amurka ya amsa cewa waƙoƙin da jama'a suka ajiye a wurinsa daga 2003 zuwa 2015, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50, sun salwanta a wajen sauya ma'ajiya, Google kuma, wanda yake ba kowa gigabait 15 kyauta, ya sanar cewa daga Disamban 2023 yana iya share asusun da aka shekara 2 ba a shiga ba. Na uku, kuma wannan shi ya fi cin mutanenmu, ƙofar rumbun tana ɗaure da layin wayarka, layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba kuwa kamfani kan karɓe ya sayar wa wani, sai ka wayi gari lambar da za a aiko maka ka buɗe asusunka tana sauka a hannun baƙon da ba ka sani ba. Ka rubuta kalmomin sirrinka da lambobin ceto da alƙalami a littafi, ka adana inda kake adana takardar shaidar makaranta. Kada kuma ka manta cewa a ƙarshen 2021 an katse sadarwa a wasu sassan jihar nan har tsawon makonni saboda sha'anin tsaro, wanda duk dukiyarsa take can sama ya zauna yana kallon waya kamar allon da aka wanke. Zanen aro ba ya rufe katara.

Yanzu sai batun sabuntawa, inda na ga kun kasu kashi biyu, kowane kashi yana ganin wautar ɗayan. Akwai wanda saƙon sabunta manhaja zai yi wata shida yana fito masa yana ture shi saboda tsimin data, akwai kuma wanda ba ya iya kwana da tsohon abu, da ya ji an ce sabo ya fito sai ya ɗora, ko da daga hannun wani a tashar mota ya karɓo shi. Ga na farko ina cewa, mafi yawan sabuntawa ƙanana toshe ɓaraka ne da aka gano ɓarayi na iya shiga ta nan, kuma ranar da kamfani ya fito da facin, ranar ce ɓarayin duniya suka san inda ɓarakar take. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja da aka kira WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150 tana neman kuɗin fansa, har asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris, ba a ɗora ba ne kawai. Ga na biyu kuma ina cewa, masu ƙera abin ma 'yan Adam ne: ran 19 ga Yulin 2024 wata sabuntawa mai aibi daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8 da rabi cikin sa'o'i kaɗan, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Tafarkin da na ga ya fi aminci shi ne a ɗora ƙananan facin tsaro ba da jinkiri ba, babban sauyi kuwa, wanda zai taɓa tsarin na'urar gaba ɗaya, a dakata masa mako guda ko biyu a ji abin da ya sami waɗanda suka riga, a kwafe kaya tukuna, a cika batir, kuma kada a fara shi a daren da za a miƙa aikin makaranta da safe, ko sa'ad da hadari ya haɗo daga wajen duwatsun Kagoro. Manhajojin da aka yi wa kwaskwarima a bayan fage, irin waɗanda ake ce muku sun fi WhatsApp na asali iya wasa, ku nisance su, ba ku san wanda ke zaune a cikinsu yana karanta wasiƙunku ba.

Akwai kuma ranar da kamfani kan janye hannunsa daga tsohon tsari ɗungurungum, kamar yadda aka yi wa Windows 7 a Janairun 2020, da Windows 10 a Oktoban 2025. Na'urar ba ta mutuwa a ranar, amma ta zama gida ba maigadi, ya kamata mai ita ya soma shirin ƙaura.

Ƙaura ɗin nan ita ce abin da ban ga kuna tunani a kai ba ko kaɗan, wataƙila domin ba ku daɗe a duniya kun ga ma'ajiya ta tsufa a gabanku ba. Ni na ga kaset, na ga faifan filofi, na ga faifan sidi, kowanne a zamaninsa an ce shi ne ƙarshen hikima, yau kuwa in ka zo da filofi Kafanchan za ka yini ba ka sami na'urar da za ta karanta shi ba. Mu masu rubutu da Hausa muna da wata ƙarin musiba tamu ta kanmu. A shekarun baya, da yake kwamfuta ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai aka ƙirƙiro wasu nau'o'in rubutu na musamman waɗanda suka ari gurbin baka da sauran alamomi suka zaunar da ƙ da ɗ da ɓ a ciki; muddin nau'in yana cikin kwamfutar, rubutu ya yi kyau, amma da an buɗe takardar a wata na'ura sai a ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya, littafi guda ya koma kamar kaza ta yi tonon tawada. Yanzu akwai tsarin haruffa na bai-ɗaya da ake kira Unicode, wanda ya ba kowane harafi gurbinsa na dindindin, har da wasula masu layi a ƙarƙashi da ake rubuta Tyap da Jju da su. Ka tabbata da shi kake rubutu, idan kuma kana da tsofaffin takardun mahaifinka ko na malaminka a waccan siga, ka zauna ka juye su tun akwai mai iya gane abin da kowace alama take nufi. Duk bayan 'yan shekaru ka kwashe kayanka daga tsohuwar ma'ajiya zuwa sabuwa, ka kuma ajiye muhimman rubuce-rubuce a sigar da kowace na'ura ke buɗewa, ba wadda manhaja guda kaɗai ta sani ba.

Idan kuwa matsala ta auku, kuma lalle za ta auku, to, a nan ne ake gane wanda ya yi tarbiyya a hannun masu sana'a. Kowane kan jirgi a loko yana da littafinsa, inda direba kan rubuta abin da ya ji ko ya gani a hanya kafin ya tafi gida, kuma mahaifina, idan aka kawo masa inji mai ciwo, kafin ya taɓa sifana sai ya buɗe littafin, sannan ya yi tambayar da har ya rasu ban ji ya sauya ta ba: "Me aka taɓa ƙarshe?" Wannan tambaya ita ce rabin magani. Wace manhaja ka ɗora jiya, wace caja ka ara, a ina wayar ta kwana? Sannan ka karanta abin da na'urar ta rubuta maka, ka ɗauki hotonsa ko ka kwafe shi harafi da harafi, domin na lura da yawanku kan danna ya wuce ba su karanta ba, kamar majinyacin da likita ke yi wa bayani ya toshe kunne. Ka fara da abu mai araha kafin mai tsada: wayar da ta ƙi caji, sau da yawa ƙurar hunturu ce da zaren aljihu suka cushe a bakin cajin, a kashe ta a sa tsinken sakace a hankali, ba allura ba, a fito da su, in ba haka ba a gwada wata igiyar, sannan wani kan cajar, sannan wani soket. Wadda ta yi nauyi tana daskarewa, a duba ko cikinta ne ya cika da bidiyon da ƙungiyoyi ke turowa. Kuma, wannan shi ne sirrin, ka sauya abu ɗaya tak a lokaci guda, ka gwada, in bai yi ba ka mayar da shi yadda yake kafin ka taɓa na gaba. Wanda ya sauya abu biyar a tare, ko ya dace ta gyaru, bai san illar ba balle maganin, gobe in ta dawo zai sake lalube cikin duhu. Gaggawa aikin Shaiɗan ce, kuma ban san inda wannan magana ta fi gaskata ba kamar a gaban na'urar da ta ƙi tashi.

Abubuwa biyu kaɗai ne ba su son jinkiri. Wayar da ta sha ruwa a kashe ta nan take, kada a sa ta a caji don a ga ko tana da rai, domin wutar ce ke ƙarasa ta. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi kuma a rabu da shi a ranar, kada a danne shi, kada a kwana da shi kusa da katifa, yana iya kamawa da wuta.

Idan abin ya fi ƙarfinka, matambayi ba ya ɓata, ka kai wa mai gyara, kuma a cikinsu akwai yara masu basira da amana waɗanda nake jinjina wa. Amma ka cire sim da katin memori kafin ka miƙa, ka faɗa masa da baki, a gaban shaida in da hali, cewa kada ya yi filashin sai da izininka, ka kuma gaya masa abin da ke ciki ya fi na'urar daraja a wurinka, kada ka maimaita wautata. Ke kuma 'yata, ina roƙonki da girman Allah, abin da ba za ki so a gani a bainar jama'a ba, kada ki bar shi a wayar da wata rana dole ta kwana a rumfar wani. In gyaran na gilashi ne ko batir, babu dalilin da zai sa ki ba da lambar buɗewa, ki zauna a yi a gabanki ko ki tafi da ɗan'uwanki.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan me? Gaskiya ne, ba duk abin da ke cikin wayarka ya cancanci kwafi uku ba, kashi mafi yawa shara ce, kuma share ta wani ɓangare ne na kula, domin don tuwon gobe ake wanke tukunya. Amma a cikin sharar akwai muryar kakarka tana lissafa zuriyarku da Hyam ko Jju, akwai hotunan bikin Afan na Kagoro da ka ɗauka ran 1 ga Janairu, akwai gajerun labaran da kake rubutawa kana jin kunyar nunawa, waɗanda nan da shekara 40 babu mai su sai kai. Ka ware su, ka ba kowanne suna da shekara da wata da rana da wuri da sunan mai magana, domin hoton da ba a san ko wane ne a cikinsa ba maraya ne. A ƙasar Ham, a ƙauyen Nok, masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, a 1943 kuma aka tono wani kai na yumɓu a nan ƙasar Jama'a, wanda ya yi zamansa a gonar doya yana korar tsuntsaye kafin ya isa hannun mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg a Jos. Yumɓun da aka gasa ya haura shekara 2,000 a cikin ƙasa, amma da yake babu rubutu tare da shi, har yau ba a san sunan da mutanen suke kiran kansu da shi ba. Mu muna da rubutu da murya da hoto, a kan abin da da ƙyar yake kai shekara goma. Saboda haka mafi daraja daga cikin rubutunka ka buga shi a takarda ka ɗinke, ka sa a akwatin ƙarfe nesa da gara, ka kuma sanar da mutum ɗaya amintacce inda littafin kalmomin sirrinka yake, kamar yadda ake wasiyya, domin na ga iyalan da aka bar musu waya a kulle da hotunan mamaci a ciki, suna juya ta a hannu ba su da hanyar shiga.

Ni dai yanzu Asabar ɗin farko ta kowane wata, bayan na karya kumallo, jikana yakan zo mu baje filash biyu da faifai ɗaya a kan tabarma, shi yana buɗewa ni ina riƙe da littafi ina sa alama, yana yi mini dariya wai na mai da abin kamar aikin gwamnati. A watan jiya, muna cikin haka, hirar da na naɗa daga baya da wani tsohon mai ba jirgi hannu ta ƙi buɗuwa a filash na farko, ta tsaya a daƙiƙa ta tara tana ƙara kamar ƙwaro. Yaron ya ɗago kai ya dube ni, dariyar ta ɗauke. Na ce ya sa na biyun. Muryar dattijon ta fito sarai, yana tari, yana cewa a matso masa da abin kusa da baki.